Kafin Ki Shafa wa Jar Fatar Kawu Gam

Zuwa ga ɗiyata Zuwaira,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin riga kin sauka Zariya lafiya, ya tsare ki tun daga tashar Gusau har ƙofar ɗakin da za a ba ki a makaranta, ya haɗa ki da abokan zama masu tsoronsa. Babanki yana sa miki albarka, ni ma haka.

Na zaɓi in rubuta ne saboda na san halinmu ni da ke. In na fara magana kina cewa kin sani, in kin ce kin sani raina ya ɓaci, sai mu tashi ba a faɗi komai ba. Takarda kuwa ba ki da bakin katse ta.

Jiya da kika shiga sallama da maƙwabta na buɗe jakar kayan aikinki. Ba zan ba ki haƙuri a kan haka ba, ni na haife ki. Na ga kin naɗe jar fatar nan cikin farin ƙyalle yadda ya kamata, na ji daɗi. Sai kuma na ga 'yan bututun sufa gulu, gam ɗin nan mai kamawa nan take, a gefenta, irin waɗanda ake ratayewa a bakin kanti tare da reza da ashana. Zuwaira, sai da na nemi wuri na zauna.

Bari in tuna miki abin da ke cikin jakarki, don ina ganin kin ɗauke ta fata ce kamar sauran. Kawu Ilu na Bungudu, ƙanen mahaifiyata, shi ya je majema da ƙafarsa ya zaɓe ta cikin fatun awaki, shi ya rine ta da karan dafi tun idonsa na gani sosai, tun hannunsa bai fara rawa ba. Ita ce ta ƙarshe da ya rina. Ya ajiye ta shekaru a ƙasan adakarsa, ya hana kowa, har ni da na koyi dukanci a gabansa. Yanzu ya ɗauko ya ba ki domin ki yi wa jikarsa Hafsatu abin wuya da 'yan kunne da awarwaro na ranar aurenta, bayan babbar Sallah. In kika ɓata ta babu inda za ki samo wata. Ko kin zagaye kasuwannin Zariya duka za ki samu ja, amma ba wannan jan ba, kuma ba hannun da zai sake rina shi.

Ni har yau in na riƙe fata mai kyau sai jikina ya yi sanyi. Abin da ya yi yawo a jikin dabba, ya sha rana da ruwan sama, ya ratsa ƙaya, sai ga shi a tafin hannunki yana lanƙwasa kamar ganye. Mutum bai saƙa ta ba, bai san yadda aka jera zarenta ba. In kika kai wuƙa gefenta kika fefe, kika duba da kyau a rana, za ki ga wasu siraran zaruruwa sun sarƙe da juna ta kowace fuska, ba farko ba ƙarshe. Cikin waɗannan zaruruwa gam yake shiga ya kama. Wanda bai taɓa tsayawa ya yi mamakin wannan ba, bai kamata ya ɗora wa fata komai ba.

Farkon abin da na yi da hannuna awarwaro ne, ina 'yar sakandare a Tsafe. Duk hutu akan tura ni Bungudu, in zauna a zauren Kawu ina kallonsa. Shi a lokacin ba ya sayen gam. Talge yake damawa na garin rogo, mai kauri, ya shafa da yatsa ya haɗa fata biyu, ya danne da dutse. Na ga yadda suke kamawa har na ɗauka aikin ke nan. Ban kula da cewa bayan sun bushe yakan bi gefen da basilla da zare ba, ko kuma na kula na ga wahala ce. Na yi nawa ba ɗinki, na sa na koma makaranta ina ɗaga hannu ba dalili. Da na zo alwalar azahar, ruwa ya gangara daga gwiwar hannuna, ina kallo bakin awarwaron ya buɗe a hankali kamar ana ɓare ayaba. 'Yan ajinmu suka yi ta dariya. Da na kai wa Kawu ƙara, bai yi faɗa ba. Ya ce talge riƙo yake yi wa fata kafin zare ya iso, kamar yadda ake riƙe wa mutum akuya kafin ya ɗauko igiya.

Don haka ki ji na farko. Matan da za ki yi wa aiki mata ne masu alwala. Duk abin da zai zauna a wuyan hannu zai sha ruwa kullum, tun asuba. Kada ki yarda da gam ɗin da ruwa ke narkarwa a kan awarwaro, ko talge ne, ko farin gam ɗin nan na kafintoci. Farin yana da amfaninsa: yana bushewa ba ya barin tabo, kuma yana ba ki lokaci ki gyara in kin karkace, don haka ya dace da 'yan ƙananan furannin da ake ɗorawa a kan ɗan kunne. Amma ko da wane iri kika liƙa, duk wurin da zai ɗauki nauyi ko ja, ki ɗinke. Ban damu da abin da masu hotuna a wayarki suke nunawa ba. Su ba za su je bikin Hafsatu ba.

Sufa gulu kuma na san shi sanin da ba na so ki yi. Bayan aurena, da muka zauna Gusau na fara yi wa mata 'yan kunne, wata maƙwabciya ta kawo mini shi tana yabonsa, wai kafin in ƙifta ido ya kama. Gaskiya ta faɗa, ya kama. Na ɗiga shi a bayan wata jar fata, ina kallo ya nutse ya ɓullo ta fuskarta, ya bar baƙin tabo kamar an ɗiga mai. Wurin ya ƙage ya zama kamar ƙashi. Da na ɗan lanƙwasa, sai na ji ƙas, fatar ta tsage a daidai nan. Kashegari kuma wani farin gari ya fito kewaye da tabon, ya ƙi gogewa. Fata aba ce mai motsi, Zuwaira. Tana bin wuya in an juya, tana bin hannu in an miƙa. Duk gam ɗin da ya bushe ya zama gilashi, faɗa zai yi ta yi da ita har ɗayansu ya karye, kuma fatar ce za ta karye. Ban cire bututun daga jakarki ba. Ki liƙa kofin da ya fashe da su, ko dugadugan takalminki. Amma in ɗigo ɗaya ya taɓa fatar Kawu, ban yafe wannan ganganci ba.

Abin da za ki nema shi ne gam ɗin masu takalmi, mai ruwan ɗorawa, na cikin gwangwani. Ki je inda ake sayar wa masu gyaran takalmi kaya, ki gaishe su da ladabi, ki faɗi aikin da za ki yi. Ki sa a buɗe miki ki gani. Mai kyau yana zuba kamar zuma, in kika ɗaga tsinke yana bin sa da zare siriri. In ya yi kauri yana dunƙulewa, ya tsufa, ki bar musu abinsu ko sun rantse. Ki sayi ƙaramin gwangwani, ki riƙa rufe shi da kyau.

Wannan gam ɗin shi ne ya fi ba ni mamaki cikin duk abin da na taɓa aiki da shi, kuma shi ne na fi daɗewa ban gane ba. Hankali yana cewa abu mai danshi shi ke kamawa. Sai in shafa, in haɗa nan take, in danne da ƙarfina duka. Fatun su yi ta zamewa a kan juna, gam ɗin ya tsattsafo ta gefe ya ɓata fuska, bayan kwana biyu in ja su rabu kamar ba a taɓa haɗa su ba. Na yi ta zagin masu sayarwa ina cewa jabu suke ba ni. Wata rana na je Bungudu gaisuwa, lokacin Kawu ma ya fara amfani da shi, na zauna zan taya shi. Na shafa ke nan zan haɗa, ya riƙe mini wuyan hannu.

"Ina za ki, Rabi?"

Na ce zan haɗa ne kafin ya bushe.

"Bar shi shi sha iska. Shi wanga sai ya yi kamar ya mutu sannan yake kamawa."

Muka zauna. Ya tambaye ni lafiyar babanki, ya ba ni labarin gonarsa, ni kuwa idona na kan fatar ina cewa a raina tsohon nan ya ɓata mana aiki. Ƙyallin gam ɗin ya dushe. Ya ce in taɓa da bayan yatsa. Na taɓa, bai biyo ni ba, sai ɗan danƙo kaɗan kamar bayan ganyen da raɓa ta bushe a kai. Ya ɗauki guda biyun, ya daidaita bakinsu a sama ba su taɓa juna ba, sannan ya sauke daga gefe ɗaya zuwa ɗaya. Ya bi da 'yar gudumarsa yana bubbugawa. Ya miƙo mini ya ce in raba. Na ja har farcena ya yi zafi. Abu biyu da na gani da idona sun bushe, kowanne a wurinsa, sun zama ɗaya a cikin numfashi guda. Sai na kama tasbihi. Har yau, bayan duk shekarun nan, ban daina jin wannan abin a ƙirjina ba duk lokacin da na haɗa.

Ga yadda za ki yi. Ki shafa a fuska biyun duka, siriri, har ki riƙa ganin fatar ta cikinsa. Yawa ba ƙarfi ba ne, ƙazanta ce. Ki yi amfani da ɗan guntun kwali ko tsinke mai faɗi, ki tsaya kaɗan kafin bakin gefe, don in kin danne zai ƙarasa da kansa. Bayan fata, wajen zaruruwan nan masu laushi, shi ke son gam. Fuskarta mai santsi ba ta karɓa, in dole sai kin liƙa wani abu a kanta, ki kankare daidai wurin da samfefa, kada ki wuce inda adon zai rufe. Sannan ki jira. Ba zan ce miki minti kaza ba, domin jiran bazara daban, na damina daban, kuma ban san iskar Zariya ba. Yatsanki ne zai gaya miki. Abu ɗaya kawai: in sun taɓa juna, sun taɓa ke nan. Babu ɗagawa a gyara. Ki yi bisimilla, ki daidaita tun suna sama, ki kashe wayarki kafin ki fara. Na sha ganin ki kina aiki da hannu ɗaya, ɗayan yana amsa saƙo. Wannan ɗabi'a ki bar ta a Gusau.

Kuma ki ji tsoron warinsa. Kada ki buɗe shi a ɗaki rufe, ki fita baranda ko ki zauna bakin taga. Kada ki kusance shi da risho ko gas ko kaskon wuta, yana kamawa kamar fetur. Kin san abin da wasu 'ya'yan mutane ke yi da irin wannan wari har hankalinsu ya gushe. Ki kulle gwangwaninki a akwati, kada ki ara wa wadda ba ki ga aikin hannunta ba, ko da ta kira ki marowaciya. Ki amsa sunan.

Yanzu ga wanda na fi so ki karanta sau biyu, domin shi ne zai iya samun Hafsatu.

Akwai wata amarya a 'Yandoto, ɗiyar ƙawar yayata, da aka ce in yi mata abin wuya. Lokacin na riga na ƙware, ko in ce ina jin na ƙware. Na yi shi da baƙar fata, na jera 'yan faya-fayan tagulla a kai kamar taurari, na liƙa kowanne da gam ɗin masu takalmi. Na jira yadda ya kamata, na bubbuga yadda ya kamata. Na ja da farce, ba wanda ya motsa. Na kai da kaina ana saura kwana kaɗan biki, mata suka yi ta karɓa hannu zuwa hannu suna sa albarka.

Abin da ban lissafa ba shi ne abin da kowace mace a ƙasar nan ta sani, har da ni. Kayan amarya ba a sa su haka nan. Ranar kai ta, gwaggonninta suka kifa kabbasa, kwandon nan na turara kaya, a kan kaskon turaren wuta, suka shimfiɗa laffayarta da ɗankwalinta, suka ɗora abin wuyan a can sama don shi ma ya sha ƙamshi. Da suka sauke, wata ta bi shi da humra tana shafawa ciki da waje, don ƙauna. Ina tsakar gida ban sani ba. Aka fito da yarinya ana guɗa, ta durƙusa gaban mahaifinta zai yi mata nasiha, gida ya yi tsit. Sai na ji ƙarar wani abu ya faɗa kan siminti ya gangara. Sai wani. Duk sunkuyawar da ta yi tana kuka, sai tagulla ta zame daga wuyanta. Uban ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da maganarsa. Wata tsohuwa a kusa da ni, ba ta san ni na yi ba, ta ce a hankali, "Allah sarki, ko wa ya yi mata wanga aiki?"

Na bi bayan mutane ina tsintar tagulla a ƙasa.

Ba laifin gwaggonnin ba ne, al'adarsu suka yi, kuma za a yi wa Hafsatu irinta, ko kin hana ko ba ki hana ba. Zafi yana sassauta wannan gam ɗin, mai da turare kuma suna shiga ƙarƙashinsa su ɗaga shi, musamman a kan ƙarfe, inda ba shi da zaren da zai kama. Daga ranar na canza. Ƙarfe ko dutsen ado ba na barin sa a hannun gam kaɗai. In tagulla ce, ki sa maƙeri ya huda miki ita ki ɗaure da zare ta baya. In dutse ne, ki yanka masa gida a cikin fatar, bakin gidan ya ɗan hau kansa ya riƙe. Inda ba hali, kamar ɗan siririn ƙarfen da ke shiga hujin kunne, ki nemi gam ɗin nan mai bututu biyu da ake gaurayawa daidai wa daida. Ki kankare ƙarfen, ki goge maiƙon hannunki daga kansa, ki ɗiga kaɗan, sannan ki rufe gindin da wata 'yar fata ta baya. Shi ma yana ƙagewa, don haka wurin da ba ya lanƙwasa kawai ake sa shi. Kuma kada ki bar kowane gam a inda zai taɓa jikin mutum. Wuyan amarya ga zufa ga turare, in ya yi mata ƙuraje da sunanki za a tuna.

Kafin wuƙarki ta shiga tsakiyar fatar Kawu, ki yanki 'yan guntaye daga wajen ƙafafu, inda ba za a yi asara ba. Ki liƙa su kamar yadda za ki yi na gaske. Ki bar su su kwana su wuni, kada ki ƙulle su a leda. Sannan ki zalunce su: ki ɗaura ɗaya a hannu ki yi alwala da shi, ki turara ɗaya a kasko, ki shafa wa ɗaya humra, ki bar ɗaya a rana. In duk sun tsira, hanyarsu za ki bi. Fatar nan ta sha mai a hannun Kawu, ta yiwu gam ya ƙi ta da farko. In haka ta faru ki kankare bayan kaɗan, ki shafa siriri ki bari ya bushe sarai, ki sake shafa wani a kai. Kada ki ji kunyar kira na. Amma kada ki kira ni bayan kin riga kin yanka.

Saura magana ɗaya, na yi ta juya ta ko in faɗa ko in bari.

Makon da ya wuce na je Bungudu ni kaɗai. Na sami Kawu a zaure na ce masa yarinyar nan karatu za ta, ga ƙuruciya, ga gaggawa, ya bari in karɓi fatar in yi aikin da kaina. Ya yi dariya ya ce kishi nake da amaryarsa, kin san yadda yake tsokanar ki. Sannan ya laluba aljihunsa ya ciro wani ɗan awarwaro, wanda kika yi wa 'yar maƙwabcinsa da guntayen da ya zubar, lokacin da kika je masa hutu. Ya ce ya karɓe shi daga hannun yarinyar ya ba ta alewa. Kin san yanzu da yatsa yake gani. Ya ce tun ranar yake bin gefensa da babban yatsa yana neman inda fata biyun suka haɗu.

"Ban samu ba, Rabi. Naki ina samu. Nawa ma ina samu."

Na karɓa na fita da shi rana. Ni idona lafiya lau. Na juya shi, na sake juyawa, na kai shi kusa da fuskata, na bi da farce. Zuwaira, ban ga mahaɗin ba. Na tsaya a ƙofar zauren nan da na koyi riƙon basilla, ina riƙe da aikin yarinyar da na goya, na kasa gane yadda aka yi shi. Ban koya miki wannan ba, Kawu ma ya ce bai koya miki ba. Allah ne ya ajiye shi a yatsunki, kamar yadda ya ajiye danƙo a jikin itace ba tare da ya yi shawara da kowa ba.

Kada kanki ya kumbura, ba ke kika ba kanki ba, kuma za a tambaye ki abin da kika yi da shi. Na faɗa miki ne don ki san dalilin da ya sa na koma gida ban sake zancen karɓar fatar ba. In kin gama, kada ki turo mini hoto. Ki kawo aikin Bungudu da kanki, ki durƙusa ki sa shi a tafin hannun tsohon nan, ki yi shiru har ya gama lalubawa.

Allah ya tsare ki a zaune da tafe, ya tsare idonki da hannunki da mutuncinki. Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin abokai, ya ba ki karatu mai amfani. Ya ja kwanan Kawu ya kai shi ranar, ya dawo mana da ke lafiya kafin ta zo. Ki riƙe salla a kan lokacinta.

Wassalam.

Innarki,
daga Gusau.